Abin da Biskit Ya Yi wa Yayarka Talatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Wannan takarda ta fito daga hannun mahaifinka, a nan gida Tabanni, zuwa ga ɗana Garba.

Gaisuwa mai yawa, da addu'a, da sa albarka. Ina gaida maiɗakinka Rabi. Ina gaida amaryata Amina, wadda ta cika wata takwas ta fito da haƙora biyu, har ta gwada kaifinsu a yatsana. Allah ya kai ku Kaduna lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa aikin reluwen nan da ka samu ya zama sanadin alheri gare ka da mu baki ɗaya.

Na san za ka yi mamakin karɓar takarda daga hannun wanda kuka ci tuwo a akushi ɗaya da shi yau da rana. Maganar ce ta fi ƙarfin bakina. Kwana uku ina tauna ta, in na ɗaga kai na dube ka sai ta koma ciki. Kada ka buɗe sai kun sauka kun huta. In ka karanta, ka karanta wa Rabi, kuma kada ka tsallake wuraren da ban fito da kyan gani ba. Su ne ma dalilin rubutun.

Ranar Lahadi kuna ɗaure kaya a tsakar gida na ga gwangwanin nan da ka sayo a kanti a Birni, mai hoton jaririn Bature da kumatu kamar an hura. Na ji kana ce wa Rabi, "Wannan biskit na jarirai ne musamman. An ce a Kaduna da shi matan ma'aikata ke yaye. Jiƙawa kawai za ki yi, kin huta da surfe da niƙa." Rabi ta ce to, ta sunkuyar da kai. Mahaifiyarku tana bakin murhu, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa sai da na nemi wuri na zauna. Garba, maganar da ka yi tawa ce. Na yi ta shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, da irin muryar nan taka, da irin murnar nan taka.

Kai ka taso ka tarar da ni da fartanya a kafaɗa, ba ka san ni a bariki ba. Lokacin da Turawa suka buɗe haƙar zinariya a dajin nan, kafin a haife ka, na bar gona na tafi can da mahaifiyarku, yayarka Talatu tana goye. Na fara da ɗaukar kwanon ƙasa zuwa rafi. Daga baya Baturen wurin, wanda muke ce wa Mai Lofe, ya ga lebura na jin maganata, ya naɗa ni helma a kansu. Na samu gajeren wando na kaki, da usur a wuya, da abin hannun da ban taɓa riƙe irinsa ba. Kaina ya kumbura.

A barikin akwai ɗan kanti mai rufin kwano, ana sayar da sabulu da sukari da kifin gwangwani da biskit. Kullum da la'asar nakan hango Mai Lofe a barandarsa yana tsoma biskit a shayi. Wata rana kukunsa ya miƙo mini guda da ya karye. Na sa a baki, ya narke tun ban tauna ba. Na ce a raina, ashe wannan suke ci! Mutanen da suka ƙetaro teku suka mallaki ƙasa, ga mota ga waya, lalle abincinsu ma ya fi namu. Ban tambayi kowa abin da ke cikinsa ba. Da a ce na tambayi kukun, da ya gaya mini, don yana gasa irinsa: fulawa ce da sukari da ɗan mai. Da kuma na buɗe idona da na ga Baturen ba da shi yake ƙoshi ba. Yana cin nama, yana cin ƙwai, yana shan madara. Biskit abin taɓa baki ne kawai a wurinsa, kamar goro a wurinmu. Wa ya taɓa yaye ɗa da goro?

Nan na fara ɓata. Kada ka auna abinci da kyan mazubinsa, ko da girman wanda ka ga yana ci. Ka tambaya me ke ciki. In babu mai gaya maka, ka sa ɗaya a bakinka, harshenka ba zai yi maka ƙarya ba. In zaƙi ne ya fara yi maka sallama, shi ne kuma ya raka ka, to ka san abin da ka saya. Jaririn hoton nan kuwa ba ka san abin da uwarsa ta ba shi ba.

Talatu tana da wata tara na fara kawo mata. Lokacin tana shan nono, tana shan kunu, tana rarrafe har bakin zana, cinyoyinta duk guru-guru. Na miƙa mata guda, ta damƙe da hannu biyu, ta tsotsa, ta dube ni ta yi dariya. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka san al'adarmu da 'yar fari: ba ka ɗaukarta a gaban mutane, ba ka kiran sunanta, ba ka yi mata wasa. Ni kuwa ina son yarinyar nan har ina jin ciwonsa a ƙirji, kuma ba ni da hanyar nunawa. Biskit ya zama bakina. In na taso daga aiki ta ji ƙarar usur ɗina, sai ta saki zanen uwarta ta rarrafo ta kama ƙafata tana laluben aljihuna. Mutane suna cewa biskit take so. Ni na san abin da nake saye.

Ba a yi wata biyu ba mahaifiyarku ta same ni ina wanke ƙafa, ta durƙusa ta ce, "Malam, yarinyar nan ta fara ture ludayi. In ta ci abin nan ba ta karɓar kunu."

Na ce, "To me? Wanda ya samu doki ai ba ya neman jaki."

Ta ce, "Ba ya riƙe mata ciki. Tana ci, an jima kaɗan ta hau kuka."

Akwai matan lebura biyu a gidan, sun zo aron turmi. Don su ji ni na ɗaga murya na ce, "Ke da ba ki taɓa wuce kasuwar Birni ba, ke ce za ki fi Bature sanin abinci?" Matan suka yi dariya. Ta miƙe ta koma bakin murhu. Daga ranar ba ta sake yi mini maganar ba, ni kuma na ɗauka na rinjaye ta da hujja. Ban rinjaye ta ba, bakinta na rufe, kuma da shi na rufe ido guda da ke ganin abin da ke faruwa.

Garba, "to" ɗin da Rabi ta ce maka ranar Lahadi na san irinsa. Ba yarda ba ce, ladabi ne. Kai za ka fita tun da safe ka dawo da yamma, ita ce za ta yini da yarinyar a baya. Ita ta san abin da ta ci, da abin da ta tofar, da kalar abin da ta fitar. Ka tambaye ta ku biyu, a hankali, ka kuma jira ta ƙarasa. Kuma ko da ita ce ba ta da gaskiya, kada ka taɓa kunyata ta a gaban baƙi. Matar da aka yi wa dariya sau ɗaya takan haɗiye magana ko da ta rai ce.

Kuskuren da ya fi duka nauyi shi ne gaggawar yaye. Barikin ya cika da lebura, gwauraye sun yi yawa, tuwon sayarwa yana tafiya. Na ga in mahaifiyarku ta sauke goyo za ta fi sakewa ta yi tuwo safe da yamma. Na ce tunda ga abincin Turawa, me ake jira? Talatu tana da shekara ɗaya da wata biyu na sa aka cire ta. Bisa al'ada Saminaka za a kai ta wurin kakarku, amma na hana, don na san tsohuwar kunu za ta ɗura mata. Aka yaye ta a bariki da biskit jiƙaƙƙe a ruwan sukari, safe, rana, yamma. Ba ta yi kukan yaye sosai ba. Na riƙa yawo ina ba abokai labari, wai 'yata an yaye ta ko tari ba ta yi ba.

Kada ka yi gaggawar raba Amina da nonon uwarta, ko don aiki, ko don ka ji matan Kaduna na cewa an daina yayi. Abin da Allah ya zuba a ƙirjin uwa babu kantin da ke sayar da shi. A ƙara mata abinci a kai, kada a musanya shi da wani abu. In lokacin ya yi, Rabi za ta sani, mahaifiyarku ma tana nan a aiko a tambaye ta.

Abin bai zo da gudu ba, da rarrafe ya zo, shi ya sa ban gan shi ba. Yarinyar da ta fara dafa bango tana miƙewa sai ta koma zama. Dariya ta ragu. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, in an shafa sai ya biyo hannu. Gindin 'yan haƙoranta na sama ya yi baƙi. Sannan kumatunta suka cika, ƙafafunta suka yi nauyi. Allah ya gafarta mini, murna na yi. Na ɗauko gwangwanin na kara kusa da fuskarta na ce wa uwarta, "Kin gani? Ta fara zama irin na hoton." Mahaifiyarku ta juya baya. Da damina ta faɗi zawo ya kama ta, ya ƙi tsayawa. Na ce bakin mutane ne, don sun ga 'yar helma tana cin abin da 'ya'yansu ba su samu ba. Na karɓo laya, na karɓo turare, na rataya mata har wuyanta ya yi nauyi. Ko'ina na duba ban da aljihuna.

Akwai wata Bafillatana mai kawo nono bariki, sunanta Dije, rugarsu na bayan rafi. Dattijuwa ce, ba ta da tsoro. Ita ma na sa ta cikin waɗanda nake zargi, don duk zuwan da za ta yi sai ta tsaya ta ƙura wa yarinyar ido. Wata safiya ina shirin fita ta sauke ƙwaryarta, ta ɗauki Talatu daga kan tabarma ba ta nemi izinin kowa ba. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yarinyar ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna tuwo.

Ta ce, "Helma, zo ka gani. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne."

Na ce, "Ajiye mini 'ya."

Ta ce, "Zan ajiye. Amma yunwa ke cin ta."

Na ce, "Yunwa? A gidana? Kin san abin da take ci kuwa?"

Ta ce, "Na sani, ina gani. Ni ban san Bature ba, shanu na sani. Ɗan maraƙi in ka raba shi da uwa ka ba shi ruwan zaƙi, zai sha, zai bi ka, cikinsa zai yi tulu. Ba zai ga kaka ba."

Na kore ta. Na ce kada ta sake taka mini gida. Ta aza ƙwaryarta, ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce wa mahaifiyarku, ba ni ba, "Ke uwa ce. Kin ji dai."

Ranar ban yi aikin kirki ba. Da azahar na dawo na tarar mahaifiyarku ta goya Talatu, ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ƙwarya. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba ta tsaya a gabana ta ce, "Saminaka za ni. In ka yarda, na gode. In ba ka yarda ba, ka aiko mini da takardata can. Ba zan binne ta a barikin nan ba."

Na dubi kan yarinyar yana lilo a bayanta. Na karɓi ƙwaryar na aza a kaina, ni helma, a gaban leburana. Muka bi ta daji, tana gaba ina baya, har muka hango rumbunan Saminaka.

Gaskiya ba ta zaɓen bakin da za ta fito. Ni na jira ta daga mai takalmi, ta zo mini daga mai tallan nono, na kore ta. A Kaduna za ka zauna cikin masu ilimi, kuma kai ma za ka zama ɗaya daga cikinsu. In wata tsohuwa maƙwabciya ta dubi 'yarka ta faɗi abin da ba ka so, kada ka dubi zanen da ta ɗaura, ka dubi 'yarka.

Kakarku ta kwance goyon ta duba, ta ce tamowa ce, ta sha ganin irinta a shekarun fari, amma ba ta taɓa ganin ta a gidan mai albashi ba. Ta dama kunun gero da gyaɗa mai kauri, ta aika ruga aka kawo kindirmo. Talatu ta datse baki. Kwana biyu tana ihu tana miƙo hannu wajen zaure inda ta san ina zaune. Muryarta ta dushe, sai dai ka ga bakin yana buɗewa. A rana ta uku, mata sun tafi rafi, kakarku tana bayan gida, na lallaɓa na shiga. Akwai guda biyu a aljihuna. Na ba ta ɗaya. Ta yi shiru nan take, ta kwantar da kai a hannuna. Na ji kamar an sauke mini dutse.

Da aka kawo kunun la'asar, wanda da safe ta fara karɓar ludayi ɗaya, sai ta ture shi ya zube. Kakarku ta ga ɓurɓushi a wuyan yarinyar. Ka san suruka ba ta yi wa mijin 'yarta magana kai tsaye. Sai ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya tana yi wa 'yarta magana, yadda zan ji daga zaure. Ta ce, "Ki gaya wa baƙon da ke zaure ba jikata ya ji wa tausayi ba, kunnensa ya ji wa. Kukan da ya kashe yau, da shi take neman rai. In yana sonta ya koma barikinsa, sai an aika."

Na tashi na fita, na zauna gindin wata ɗorawa a bayan gari, na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

Wannan ka riƙe shi da kyau, don shi ne zai fi ba ka wuya. Yaro in ya saba da zaƙi ba ya komawa kunu da daɗin rai. Kuma shirun yaro ba shi ne ƙoshinsa ba. Za ka dawo daga aiki a gajiye, ɗaki ɗaya, maƙwabta na jin komai, yarinya na tsala kuka, ga gwangwani a kan kanta wanda ka san zai kashe kukan kafin ka cire takalmi. Hannunka zai tafi da kansa. A lokacin ka tambayi kanka wa kake ji wa tausayi. Gara kada ta san shi tun farko, da a zo ana raba ta da shi.

Wata huɗu ta yi a Saminaka. Kunun gyaɗa, kindirmo, wake da aka dafa ya yi lugub aka murje, tuwo mai laushi da miyar kuka da daddawa, busasshen kifi da aka daka aka barbaɗa. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Kumburin ya saɓe, sai ga ainihin abin da ya rage: ƙashi da fata, ana ƙirga haƙarƙarinta. Daga nan ta fara cikowa. Baƙin gashi ya tsiro a ƙarƙashin jan. Ba ta taka ƙasa da ƙafarta ba sai da ta kusa shekara uku. Ni kuma na mayar wa Mai Lofe usur ɗinsa na dawo gona. Na je rugar su Dije in ba ta haƙuri, na tarar sun tashi. Har yau ban sake ganin ta ba. In ka ɓata wa wani, kada ka jira sai ka shirya kalmomi.

Kada ka ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga Turawa sharri ne, ko duk abin da tsofaffinmu suka ce daidai ne. Kakarku da ta ceci Talatu, ita ce kuma ta hana a ba ta ƙwai, wai yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama, alhali kaji na yawo a gidan. Ni ma na yarda da haka har sai da malamin asibitin Birni ya yi mini dariya, ya ce 'ya'yansa duka da ƙwai suka tashi kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar allurar wani. Ku ba Amina dafaffen ƙwai. In ta yi zawo ko zazzaɓi ku kai ta asibiti da wuri, ga shi za ku zauna kusa da shi, kada ku tsaya neman wanda ya yi mata baki.

Saura guda, kuma wannan tsakanina da kai ne. Bayan abin da ya faru na tsani zaƙi kamar maciji. Na hana shi shiga gidana ko ta wace ƙofa. Kana da shekara shida, ranar Sallah, kawunka ya ba ka alewa, ka shigo kana tsotsa kana nuna mini. Na fizge na jefar, na tsinka maka mari a gaban yara. Ka tsaya kana kallona, ba ka san laifinka ba. Ba ka da laifi. Yaro mai shekara shida da ya ci tuwonsa ya ƙoshi, alewa ɗaya ranar Sallah ba za ta yi masa komai ba. Kaina nake mari, fuskarka ce ta fi kusa. Na lura tun daga ranar ba ka sake kawo mini abin da ka samu ka nuna mini ba. Ka yafe mini. Kuma kada tsoro ya mai da kai abin da ya mai da ni. Biskit ba haram ba ne, ba guba ba ne, sai dai ba abinci ba ne. In Amina ta girma ta cika baki da haƙora, tana cin abin da kuke ci, ka sayo mata guda wata rana ka ga dariyarta. Amma ba yanzu ba, kuma ba a madadin kunu ba.

Gwangwanin kuwa ban ce ka jefar ba. Ka sha shayi da shi, ka ba baƙi. Mahaifiyarku ta ɗaure wa Rabi gero da gyaɗa da kuka da daddawa a cikin farin buhun nan, in sun ƙare duk akwai su a kasuwar Kaduna. In matan ma'aikata sun ji ƙarar turmi a ɗakinku sun ce ƙauyawa sun zo, ka fito ka gaishe su da fara'a. Kuma ranar da ba ka aiki, ka kai mata niƙa da kanka, ba zai rage maka komai ba.

Jiya da hantsi na je gidan Talatu. Na tarar tana daka, ta hau kan guntun iccen nan da mijinta ya ajiye mata a gindin turmi don hannunta ya kai. Kun taso kuna tsokanarta da gajarta, kuna cewa ƙannenta duk sun wuce ta, tana dariya tana bin ku da muciya. Ban taɓa hana ku ba, don in na hana sai na faɗi dalili. Allah ne ya san abin da ya rubuta mata, ban ce na san gaibu ba. Amma duk gidanmu da gidan su mahaifiyarku dogaye ne, kuma na san yarinyar da na ɗauka zuwa bariki.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na gaya mata duk abin da na rubuta maka, ina kallon ƙasa. Da na gama ta ce, "Baba, ai na sani. Inna ta gaya mini tun ranar da na haifi na fari."

Na ce, "Shekara bakwai kina sane, ba ki taɓa nuna mini ba?"

Ta ce, "Me zan nuna? Ga ni da raina, ga 'ya'yana uku, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. Na yafe tun ba ka tambaya ba." Ta share ido da bakin zane, ta ce, "Amma ka gaya wa Garba?"

Na ce ban iya ba.

Ta ce, "To ni ba ni ce mai bukatar labarin nan ba. Tsawona ya riga ya tsaya inda zai tsaya. Na Amina ko farawa bai yi ba. Tashi ka je, Baba."

Na tashi na zo, ga shi na faɗa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah ya raya Amina, ya ba ta ƙashi mai ƙarfi da ƙafa mai sauri. Allah ya ba Rabi haƙuri da lafiyar shayarwa, ya ba ka kunnen sauraro. Mahaifiyarku tana sa muku albarka, ni ma na sa. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.